Ƙwaro Mai Dunƙulewa: Busasshiyar Kwalba Kabarinsa Ce

A Amurka da Japan da ƙasashen Turai, kiwon wani ɗan ƙwaro mai dunƙulewa ya zama abin yayi. Masana na kiransa Armadillidium vulgare. Da an taɓa shi sai ya naɗe kamar bushiya, shi ya sa Japanawa ke ce masa dangomushi, suna kwatanta shi da wani curin abincinsu mai kama da dunƙulen fura.

Abin haushin shi ne yadda sababbin masu kiwo ke jefa shi cikin kwalba, su zuba busasshen yashi, su ajiye a bakin taga. Kafin a ankara ya sandare, ƙafafu sama, sai a ce dama ba ya kiwuwa. Hujjarsu wai ƙwaro ne irin kyankyaso, ko ina aka yar da shi zai rayu.

To a kifar da shi a ƙirga. Kyankyaso ƙafa 6 gare shi, wannan kuwa 14. Danginsa su ne kaguwa da jatan lande. Kakanninsa daga teku suka fito, kuma har yau bai rabu da gadon gidansu ba. Abin numfashinsa wasu 'yan fallaye ne a ƙarƙashin cikinsa ta wajen wutsiya, waɗanda ba sa aiki sai da laima. Idan suka bushe, shaƙewa yake yi sannu a hankali. Dunƙulewar nan da ke burge yara ma, ban da kariya daga maƙiya, tana rage masa asarar ruwan jiki. Wanda ya ɗauko rai ya killace don nishaɗi, haƙƙin ran nan a wuyansa yake, kuma rashin sani bayan an saye shi sakaci ne tsagwaronsa.

Gidan da ya dace da shi ba ya cin kuɗi. A samu roba mai murfi, a huda ƙananan ƙofofi don iska. A zuba ƙasa mai zurfin santimita 5 zuwa 8, wadda ba ta taɓa ganin takin zamani ko maganin ƙwari ba. A lulluɓe ta da busassun ganyaye, domin su ne tuwonsa, a kifa ɓawon itace ya zama maɓoya. Kusurwa ɗaya a sa gansakuka ana yayyafa mata ruwa, ɗaya ɓangaren a bar shi da ɗan bushewa, shi zai zaɓi inda ya yi masa. Kwanon ruwa kam a'a, nutsewa zai yi. A daka ɓawon ƙwai a barbaɗa, da shi yake gina sulkensa. Ɗan yankin karas ko kabewa ya isa ƙari, a ɗauke saura kafin ya yi funfuna. A nisanta robar da rana.

Cunkoso da feshin maganin sauro a ɗaki su ma suna kashe shi.

Idan aka ga rabin jikinsa ya yi fari-fari, kada a tsorata ko a taɓa shi: saɓa yake yi, kuma kashi biyu yake yin ta, bayan jiki tukuna, sannan gaba. In an kula da shi yakan kai shekara 2 zuwa 3, mace kuma a wata jaka a ƙarƙashin cikinta take ɗauke da ƙwai har 'ya'yan su fito farare, ƙanana kamar ƙwayar riɗi.