Shekara 62 Kafin Biro Ya Zama Na Kowa

Kalmar biro da ɗan makaranta da akawu da mai shago suke faɗa kullum sunan mutum ce. László Bíró ɗan jarida ne Bayahude, an haife shi a Budapest ta ƙasar Hangari a 1899. Sai dai ba shi ne ya fara tunanin alƙalami mai ɗan ƙwallon ƙarfe a baki ba. Tun a 1888 wani Ba'amurke, John Loud, ya karɓi takardar mallakar irin wannan dabara, yana neman abin da zai yi alama da shi a jikin fata. Alƙalaminsa ya yi aiki a kan fata, amma ya yi wa takarda kaushi, kasuwa ba ta karɓe shi ba, har wa'adin takardar ya ƙare.

Dabarar mai sauƙin faɗa ce: ƙwallo yana juyawa cikin gurbinsa, yana ɗebo tawada daga ciki yana shafa wa takarda. Wahalar tana ga tazarar da ke tsakanin ƙwallon da gurbin. In ta yi faɗi, tawada ta tsiyaye ta ɓata aljihu. In ta yi ƙunci, ƙwallon ya cije. Ita ma tawadar, in ta yi ruwa ta zuba, in ta yi kauri ta toshe. A kan wannan 'yar tazara da ido ba ya gani masu ƙirƙira suka yi ta faɗuwa shekara hamsin.

Bíró ya lura cewa tawadar buga jarida tana bushewa nan take, alhali ta alƙalamin ɗuri sai an jira ta. Ɗan'uwansa György, masanin haɗa sinadarai, ya taya shi neman kaurin da ya dace, suka yi rajistar dabarar a 1938. Dokokin ƙuntata wa Yahudawa suka kore su daga gida, suka ƙare a Ajantina, inda suka sake rajista a 1943. Rundunar sojan saman Ingila na cikin waɗanda suka fara saye, domin alƙalamin ɗuri yakan yi aman tawada idan jirgi ya yi sama sosai.

Sai 'yan gaggawa suka shigo. A watan Oktoban 1945 Milton Reynolds ya baza nasa samfurin a kantin Gimbels da ke New York, kowane ɗaya dala 12.50, jama'a suka yi ta rububi. Ba a daɗe ba aka gane yana zuba, yana kuma tsallake harufa. Farashi ya faɗi, mutuncin alƙalamin ya bi shi.

Wanda ya fitar da biro kunya shi ne Marcel Bich, mai ƙaramar masana'antar kayan alƙalami a Clichy, gefen birnin Paris. Bai zo da sabon tunani ba. Ya sayi izinin amfani da dabarar Bíró, ya nemo injinan Suwizalan irin na masu ƙera agogo, ya duƙufa a kan daidaita ƙwallo da gurbinsa har na farko da na miliyan suka zama tamkar an tsaga kara. A Disamban 1950 ya fito da Bic Cristal, bayan ya cire harafin ƙarshe na sunansa. Dubi wanda ke hannunka: jikinsa mai kusurwa shida ne don kada ya gangara daga tebur, garau yake don ka ga sauran tawada, ɗan ramin gefensa kuma yana daidaita iskar ciki da ta waje. Zuwa 2006 kamfanin ya ce ya sayar da guda biliyan 100.

Kada a ɗauka cewa wannan ƙwarewa ta zama ruwan dare. Ƙasar Sin, da ke ƙera biliyoyin biro a shekara, ta daɗe tana shigo da ƙarfen bakinsa daga waje, abin da firaministanta na lokacin, Li Keqiang, ya koka a kansa a bainar jama'a. Sai a 2017 kamfanin ƙarafa na Taiyuan ya sanar cewa ya iya sarrafa irinsa.

A nan ne labarin ya shafe mu. Duk baje kolin da za a yi a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, za ka ga injin sussuka ko na busar da tumatir, guda ɗaya tak, an yi masa fenti, manyan baƙi sun tafa, an mayar da shi ɗakin ajiya. Wannan matakin Loud ne, ba mu kai ga na Bich ba. Tsarin ƙarin girmanmu yana ƙirga maƙalun da malami ya wallafa, ba ya tambayar ko abin da ya ƙera zai maimaitu sau dubu ba tare da kuskure ba. Ma'aikacin ɗakin ƙira kuwa, wanda shi ne zai iya wannan aiki, yana can ƙasan jerin waɗanda ake tunawa da su idan kuɗi ya zo.

Ina ganin ya kamata TETFund ta ware wani kaso na kuɗin bincike musamman don injinan yankan ƙarfe da na'urorin awo da horar da masu sarrafa su, ta kuma riƙa neman samfuri ɗari masu kama ɗaya kafin ta biya kason ƙarshe. Kasuwar tana nan a gida: a 2019 kamfanin BIC ya sayi Lucky Stationery, mai yin biron Lucky a Najeriya. Masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta kuwa, fiye da shekara arba'in da aza harsashinta, har yau ba ta kammalu ba.