Karo-Karo Domin Sayen Wayar Ko-Ta-Kwana: Me Shari'a Ta Ce?

 

Waɗansu masu sayar da hatsi daga Roni, cikin masarautar Kazaure, sun aiko mini da tambaya. Suna so su yi karo-karo su sayi babbar waya guda su ajiye, domin wanda tasa ta lalace ko aka sace ya riƙe kafin ya sami wata. Ɗayansu kuwa ya ce shi gara ya yi shela a WhatsApp, jama'a su tara masa ya sayi ta biyu ta ƙashin kansa.

Kada mai karatu ya raina tambayar nan. Wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya san yadda ciniki ya koma cikin waya. Wanda tasa ta mutu ranar kasuwa sai ya wuni ga kaya ga mai saye, amma babu hanyar karɓar kuɗi.

To, karo-karon farko yana da asali mai ƙarfi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yabi Ash'ariyyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi wuri guda su raba daidai. Amma fa rigima ba ta tasowa sai ranar da wayar ta ɓata a hannun wani. A ganina, wanda ya ɗauke ta yana da rabonsa a ciki, sauran rabon kuwa aro ne daga abokansa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani, mai aron abin da ake iya ɓoyewa shi ke da lamuninsa, watau zai biya in ya ce ya ɓata. Sai dai in shaidu sun tabbatar ya salwanta ba da sakacinsa ba, to, babu biya bisa maganar da ta shahara. Waya kuwa ai aljihu ma ya ɓoye ta. Saboda haka su rubuta wa ke ajiya, kwana nawa ake riƙewa, da yadda za a biya.

Akwai kuma sirri. Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka laifin da aka yi da layi, mai sunan za a fara nema. Kowa ya sa layinsa, in zai mayar ya cire, ya goge asusun bankinsa da hotunan iyalinsa. Wanda ya tarar da mantuwar ɗan'uwansa kada ya leƙa, Suratul Hujurat ta hana binciken asirin Musulmi.

Amma mai shela a WhatsApp, roƙo yake yi ko da ya sa masa wani suna. Hadisin Ƙabisa ɗan Muhariƙ da Muslim ya ruwaito ya taƙaita halaccin roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin bashi domin sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga jama'arsa suka shaida. Mai waya a hannu yana neman ta biyu, ina gurbinsa a nan? Imam Shaɗibi ya kasa maslahohi zuwa larura da buƙata da ƙawa, wannan kuwa da ƙyar ta kai buƙata. Wanda gobara ko ɓarayi suka raba da waya da jari, hukuncinsa daban, yana iya nema gwargwadon abin da zai tsaya da ƙafarsa. Shi ma in an tara fiye da kuɗin wayar da ya ambata, sai ya koma ga masu bayarwa ya nemi izninsu kafin ya taɓa ragowar.