Editan Jarida a Lokacin Yaƙi: Nazari a kan Aikin Alhaji Abubakar Imam

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna yadda Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945) ya ɗora wa editan jarida nauyin zama tsani tsakanin sojan da ke bakin daga da iyalinsa da ya bari a gida. Za mu ɗauki Alhaji Abubakar Imam a matsayin abin nazari, sa'an nan mu kwatanta shi da takwaransa na Amurka.

Kafuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo

An haifi Imam a Kagara cikin 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina. Bayan littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar 1933, sai Dokta Rupert East ya jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi aka naɗa editanta na Hausa, ya riƙe muƙamin har 1951.

Ba shakka Turawan mulki suna da manufarsu. A lokacin jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus Nijeriya, don haka ana bukatar kafar da za ta kwantar da hankalin talakawa.

Jarida Tsakanin Bama da Gida

Daga 1943 aka kwashi sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 zuwa Indiya da Bama don yaƙar Japan, kuma da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne. Mu ɗauki misalin magidanci a Tambuwal ko Kebbe, can Lardin Sakkwato, wanda ɗansa ya shiga soja. Bai taɓa jin sunan Bama ba, ba shi da rediyo, wataƙila ma bai iya boko ba. Abin da zai dogara da shi bai wuce abin da mai karatu ya karanta wa jama'a a dandali ba. Saboda haka tilas edita ya rubuta Hausar da kunne zai ɗauka, ya fassara sunayen makamai da na ƙasashe yadda ba za su rikitar ba. A nan ne gwanintar Imam ta ba da labari ta yi rana. Har ila yau, jaridar takan isa hannun sojojin, su kuma su aiko da wasiƙu a buga.

Kwatanci da Amurka

Ernie Pyle ya taɓa zama editan gudanarwa na jaridar Washington Daily News kafin ya zama wakilin yaƙi. Ya bi sojojin Amurka Arewacin Afirka da Italiya da Faransa, yana ambaton ƙaramin soja da sunansa da garinsu. Ya sami kyautar Pulitzer a 1944, aka kuma harbe shi a wani tsibiri kusa da Okinawa a watan Afrilu na 1945. Pyle ya ga yaƙi da idonsa; Imam kuwa daga teburinsa a Zariya ya yi nasa aikin, a ƙarƙashin sa idon gwamnatin mulkin mallaka. Amma duka biyun sun gane cewa mai karatu ya fi damuwa da halin da ɗansa ke ciki bisa ga dabarun manyan hafsoshi.

Kammalawa

Imam bai tsaya ga isar da saƙon hukuma kawai ba. Cikin 1943 ya tafi Ingila tare da ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ciki har da Dokta Nnamdi Azikiwe. Bai sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara ba, amma ya gana da Lugga, ya bayyana masa koke-koken Arewa game da mulkin En'e. Labarin wannan tafiya ne ya zama Tafiya Mabuɗin Ilmi. A ganinmu, amincin da ya samu wurin masu karatu lokacin yaƙi shi ne ya ba shi bakin yin magana da yawunsu, har ya shiga majalisa a 1951. Allah ya yi masa rasuwa a 1981.