Wane Jirgin Yaƙi Ne Ya Fi Kowanne?

Ranar Talata da aka fita tara, 'yan ajinmu suka kaure da gardama kan jirgin yaƙin da ya fi ƙarfi. Wannan ya ce F-35, wancan ya ce F-15. Da na bincika, sai na gane duk abin da injiniyoyi suka ƙara wa jirgi, sai sun rage masa wani.

Amurka ta ƙera F-35 ne don ya ɓuya wa na'urar rada mai hango jirage. Shi ya sa yake ɓoye makamansa a cikinsa, domin idan aka rataya su a fukafukai za a gan shi. Matsalar ita ce cikin ba ya cin kaya da yawa. F-15 kuwa tsoho ne, tun 1972 ya fara tashi, kuma ba ruwansa da ɓuya. Ya fi F-35 gudu, yana ninka saurin sauti sau biyu da rabi, ana kuma lafta masa makamai kamar motar kasuwa. Sai dai tun daga nesa abokan gaba suke hango shi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Super Tucano, wanda Najeriya ta karɓi guda 12 a 2021. Farfela gare shi! Da farko raina shi na yi. Ashe rashin gudun nan yana da rana: yakan daɗe yana shawagi a kan daji, matuƙinsa na ganin ƙasa sosai, kuma bai cika shan mai ba. Amma idan ya gamu da F-15 a sama, ko tserewa ba zai iya ba.