Kai Ɗan Yaye Gidan Wasa Ran Salla



Kowace shekara idan Salla ta gabato, bayan maganar ɗinki da kitso da lalle, akwai wata magana da ke tashi a duk gidan da ke da yara, watau zuwa gidan wasa. Manyan yara tun ana sauran mako guda suke lissafin kuɗin tikiti. Uwargida kuma sai ta dubi ɗan yayenta mai shekara biyu ta ce ai shi ma ba za a bar shi a gida ba. To, a kan wannan ɗan ƙaramin nake so mu tattauna yau, domin shi ne bai iya faɗin abin da ke damunsa ba, shi ne kuma ya fi kowa shan wuya a wannan rana idan ba a yi shiri ba.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada wata ta ce daga zaune nake ba da shawara. Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara. Kashegarin Salla bayan azahar na kwashi yarana uku muka nufi wani gidan wasa a garinmu, har da autana wanda a lokacin bai daɗe da cika shekara biyu ba. Mun daɗe a layin tikiti rana tana dukanmu. Da muka shiga na ɗora shi a kan dokin nan mai juyawa don a ɗauke shi hoto, lilo na tashi sai ya ƙwala ihu, dole aka tsayar aka sauko da shi. Bai gama shessheƙa ba sai ga wani mutum cikin rigar dabba mai ƙaton kai ya miƙo masa hannu, yaro ya ƙanƙame ni jikinsa yana rawa.

Can na miƙa shi ga yayarsa mai shekara tara, na ce ta riƙe shi in sayo ruwa. Ko da na dawo sai na tarar da ita ta ɗaga kai tana kallon lilo, hannunta babu kowa. Uwar da ta taɓa shiga wannan hali ta san yadda ƙafa ke mutuwa, baki ya bushe. Muka yi ta kutsawa cikin jama'a muna kira. Allah da ikonsa, bayan kamar minti goma wata baiwar Allah ta nuna mana shi a bayan wata rumfa, ya tsuguna gaban famfo mai ɗiga yana tara hannu yana ƙyaƙyata dariya. Duk yinin nan wannan ce dariyarsa ta farko, kuma ba ta ci mini ko kwabo ba.

A hanyar komawa gida na yi wa kaina hisabi. Yarinyar ba ta da laifi, ni ce na ba yaro riƙon yaro. Sa'an nan na gane cewa fitar nan tun farko don kaina na shirya ta, don hoto da kuma a ce mu ma mun je, ban auna ta da ƙarfin wanda na goyo ba.

ASALIN ABIN

Wuraren shaƙatawa na yara ba baƙi ba ne gare mu. Gidan Zoo na Kano tun zamanin Gwamna Audu Bako aka kafa shi, a farkon shekarun 1970, kuma da yawa daga cikinmu can aka fara kai mu yawon Salla. A Abuja ma an buɗe Wonderland a 2007. Amma gidan wasan da sunansa ya fi zagaya duniya shi ne Disneyland, wanda aka buɗe ran 17 ga Yuli, 1955, a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ta Amurka.

Mai gidan, Walt Disney, ya ba da labarin inda tunanin ya zo masa. Yakan kai 'ya'yansa mata biyu wani lambu a birnin Los Angeles, su hau doki mai juyawa, shi kuwa ya zauna kan benci yana cin gyaɗa yana jiransu. Nan ya ga ya kamata a gina wurin da iyaye da 'ya'ya za su ji daɗi tare. Ku lura da wannan kalma, tare. Mu kuwa sau da yawa mun juya abin, mukan tura yara su kaɗai, ko mu je mu sami inuwa mu buɗe hira da ƙawaye, yara suna can cikin turmutsitsi.

A Disneyland yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, kuma an ware ɗaki na musamman inda uwa za ta shayar da ɗanta, ta canja masa nafkin, ta ɗuma masa abinci. Idan uwa da uba suna son hawa abin da ba a yarda ƙarami ya hau ba, ɗaya yakan riƙe yaron ɗaya ya hau, sa'an nan su yi musanya ba tare da sun sake bin dogon layi ba. Galibin wurarenmu ba su da irin wannan tanadi, saboda haka ke ce za ki yi wa kanki tanadin tun daga gida.

TSAWO AKE DUBAWA

Za ki ga an kafa sanda ko allo a bakin wasu lilo ana gwada tsawon yara. Ba don wulaƙanci ake yi ba. Ƙarfen da ke sauka kan cinya da bel ɗin da ake ɗaurawa an ƙera su ne daidai wani girman jiki, wanda bai kai ba yana iya sulluɓewa ta ƙasa idan abin ya ɗauki gudu. A Disneyland jirgin nan mai gudu cikin duhu da ake kira Space Mountain ba a barin wanda bai kai inci 40 ba, watau santimita 102. Yaro mai shekara biyu kuwa tsawonsa yakan tsaya wajen santimita 85 zuwa 88. Don haka idan mai kula da lilo ya ce ɗanki bai kai ba, kada ki roƙe shi, kada ki ce za ki rungume shi a cinya. Idan abin ya fizga, hannun uwa ba ya riƙe abin da bel bai riƙe ba. Inda kuma babu allo, babu mai gwadawa, ke ce allon.

Abin da ya dace da ɗan yaye shi ne mai tafiya sannu a ƙasa: ƙaramin jirgin ƙasa da za ki zauna kusa da shi, shillo mai kujera da ke tare gaba da baya, ko doki mai juyawa kina tsaye kin dafa shi. Ki bar shi ya kalli abin ya yi zagaye ɗaya ko biyu tukuna. In ya miƙa hannu, to. In ya maƙale miki, ki ƙyale shi, tsoron ƙara da baƙuwar fuska halin shekarunsa ne, ba ragwanci ba ne. Katifar iskar nan da yara ke tsalle a kanta ma ki nisanta shi da ita idan manya suna ciki, domin ɗan shekara goma ya faɗo a kansa karaya ce. Motoci masu karo da juna kuwa ba nasa ba ne sam.

RANA DA ABINCI

Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana. Mu kuwa daidai lokacin barcin nasa muke fita da shi, sa'an nan mu ce ya cika rigima. Ki fita da hantsi da zarar an buɗe ƙofa, ko kuma bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, ku yi awa biyu ku juyo. Idan da hali ma ki bari sai kwana uku ko huɗu bayan Salla, lokacin da cunkoso ya ragu.

A ƙasarmu zafin bazara yakan kai digiri 40, kuma ƙaramin yaro ba ya jure zafi kamar babba. Kayan Salla masu nauyi, da hula da safa da takalmi sau ciki, a yi hoto da su a gida a tuɓe, a sa masa riga marar nauyi ta auduga. Ki tafi da ruwan da kika tafasa ya huce a cikin gora ko filas, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan tun bai nema ba. In yana shan nono har yanzu, ki ba shi. In kin goya shi ki riƙa sauke shi a inuwa ya sha iska, kuma kada ki lulluɓe shi ruf da mayafi. Idan kika ga leɓensa ya bushe, yana kuka babu hawaye, ya daɗe bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, to ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Ki kai shi inuwa, ki rage masa kaya, ki shafa masa ruwa, ki ba shi ya sha. In bai warware ba, ko ya ƙi sha, sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

Abincinsa ma daga gida za ki ɗauko, wanda ya saba da shi. Gugguru da gyaɗa da aya da alewa mai tauri, waɗanda su ne suka cika irin waɗannan wurare, suna iya sarƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba, domin bai iya tauna su sosai ba kuma maƙogwaronsa ƙarami ne, balle yana ci yana gudu. Haka nan balan-balan idan ta fashe ki tsince gutsattsarin nan da nan. Askirim da ƙanƙarar da ba ki san da wane ruwa aka yi su ba, sau da yawa su ne gudawar bayan Salla.

RIƘON HANNU

Yawan mutane ba shi ne tsaro ba. Idan mata biyar suka fita da yaro ɗaya, kowacce takan ɗauka yana wurin 'yar'uwarta. Ku sa ya zama a kowane lokaci akwai babba guda da aka san yaron yana hannunta, in za ta miƙa shi ta faɗa da baki, mai karɓa ta amsa. In maigida zai samu sukuni ya raka ku, ya fi, ɗaya ya bi manyan yara ɗaya ya tsaya da ƙaramin. Kafin ku shiga ki ɗauke shi hoto da waya cikin kayan da ke jikinsa, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki maƙala masa a riga. In ya ɓace, Allah ya kiyaye, kada kunya ta hana ki ɗaga murya. Ki faɗi shekarunsa da launin rigarsa kowa ya ji, a sanar da masu gadin ƙofa nan take, a fara duba inda ruwa yake, domin ruwan da bai wuce idon sawu ba yana iya halaka ƙaramin yaro.

Sa'an nan a kula da yadda ake jan hannunsa. Fizgar yaro ta hannu ɗaya, ko ɗaga shi ana lilo da shi ta hannuwa, yana iya gurɗa masa gwiwar hannu, abin da ya fi samun 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Za ki ga ya saki hannun ya ƙi motsa shi. Kada a ja, a kai shi asibiti. In za ki ɗaga shi, ta ƙarƙashin hammata za ki kama.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, ku ne aka fi ɗora wa wannan kaya. Idan Inna ta ce ki tafi da ƙaninki alhali kin san da ƙawaye za ki, kuna son hawa lilo, ki gaya mata gaskiya cikin ladabi cewa ba za ki iya haɗa biyu ba. In kuwa kin karɓa, to amana ce. Kada ki ba wanda ba ki sani ba riƙonsa ko da na minti ɗaya, komai kyawun fuskarsa, kuma ku dawo gida tun kafin magariba.

Wata za ta ce, to me ya sa za a kai shi tun da ba zai tuna ba? Gaskiya ne, da wuya babba ya tuna abin da ya faru kafin ya kai shekara uku. Amma yaro yana jin daɗi a lokacin da yake ciki, yana koyon sunayen abubuwa idan kina nuna masa kina faɗa. In kin ga kina da ƙarfin binsa sawu da ƙafa, ki kai shi, ki tsaya inda ya tsaya ko da gaban famfo ne. In kuwa ba ki da shi, ki bar shi wurin kakarsa da tuwon Salla, babu abin da ya rasa, baɗi ma rana ce.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mana su a gida da waje, amin.