Gargaɗi ga Jama'ar Ajingi da Gaya: A Daina Fesa Fiya-fiya Saboda Tsaka

Iyayenmu mata, magidanta da masu shaguna na Ajingi, Balare, Toranke, Gurduba da Kunkurawa, har zuwa Gaya da Kademi. Duk wanda takardar nan ta iso hannunsa, don Allah ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman matan da girki ke hannunsu.

Damina ta kankama, ƙwari sun yi dafifi a bakin fitila, tsaka kuma ta fito kiwo a kowane bango. Ina roƙonku da babbar murya: a daina fesa fiya-fiya a madafa, da ɗakin ajiyar abinci, da gefen randa, da sunan korar tsaka. A daina daga yau.

Da idona na gani a gidan gwaggota. Ta hango tsaka a bango daidai saman randa, nan take ta aiki yaro ya sayo fiya-fiya a 'yar kwalba marar suna, ta huda murfin da ƙusa, ta bi bangon da feshi. Moɗa na rataye a wurin, faifan da aka rufe tuwon dare yana ƙasa, ina kallon ɗigon maganin yana sauka a kansa. Na ce, "Gwaggo, ruwan shan nan fa?" Ta ce, "Ɗan nan, ai gara warin magani da dafin tsaka." Sai da na haɗa ta da Allah kafin ta yarda muka zubar da ruwan da tuwon, muka wanke randar da sabulu. Jikokinta uku ne ke shan ruwan nan. Abin da ake faɗa wa kadangaren bakin tulu ke nan, a kar ka a kar tulu, sai dai a nan abin da za a kashe ya fi tulu tsada.

Tsaka ba ta da dafi, ko a bakinta, ko a fatarta, ko a fitsarinta. A Amurka da Ingila akwai wata irin tsaka mai ɗigo-ɗigo kamar damisa, asalinta daga busassun duwatsun Pakistan da Afganistan da arewa maso yammacin Indiya, wadda ake kiwo a cikin ɗaki a akwatin gilashi. Ana ɗaukarta a tafin hannu kullum, tana kai shekara 15 zuwa 20 a gida ɗaya. Tana da 'yar'uwa mai kaurin wutsiya a dazukanmu na Afirka ta Yamma, wadda 'yan kasuwa ke fitarwa daga Ghana da Togo da Benin. Masu kiwon nan sun san duk halayen da ke tsorata mu. Tsaka takan yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka idan za ta yi saɓa, ta kuma cinye tsohuwar fatar. Takan yar da wutsiyarta idan ta firgita, wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu a ƙasa, daga baya wata ta tsiro. Tamu ta bango ba ta da fatar ido, shi ya sa take lasar idonta da harshe. Duk halitta ce, babu tsafi a ciki, babu guba.

Amma kada a ce na wanke ta tas. Tsaka, kadangare, damo, guza da kunkuru duk suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da sun nuna alamar ciwo ba. A kashinsu take fitowa. Kun san kashin tsaka: ɗan baƙi kamar ƙwayar shinkafa, da ɗigon fari a ƙarshe. Idan ya faɗa cikin kunu ko fura da aka bari a buɗe, ko jariri mai rarrafe ya tsinta ya kai baki, zazzaɓi da murɗar ciki da gudawa na iya biyowa bayan awa 6 zuwa kwana 6. Saboda wannan ƙwayar ce Amurka ta haramta sayar da ƙananan kunkuru tun 1975, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su taɓa irin waɗannan dabbobi. Mu kuwa yaranmu na yini suna harbin kadangare da danƙo, su ɗaure shi da zare suna ja, su dawo su tsoma hannu a akushi. Maganin wannan murfi ne da sabulu: a rufe abinci, a rufe randa, a share kashin, a wanke hannu. Abincin da tsaka ta faɗa ciki a zubar, don ƙazanta.

Batun cewa tsaka na sa kuturta ma a ajiye shi. Ƙwayar cuta ce da wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873, daga mutum take zuwa mutum bayan doguwar cuɗanya. Tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa. Wanda ya ga tabo a fatarsa da ba ya jin taɓi, ya nufi asibiti, ga na Yadakunya nan a Kano, ya bar zargin bango.

Na san hadisin da ya zo kan kashe tsaka, ba kuma jayayya nake da shi ba. Wanda zai kashe ta, ga takalmi, ga tsintsiya. Babu malamin da ya ce a zuba wa iyali guba a abinci.

Fiya-fiya galibi sinadarin gona ne, wanda ake rubuta wa DDVP a jikin galan, ake ɗurawa a ƙananan kwalabe. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu yana yawo a faranti. Yana shiga jiki ta baki, ta hanci, har ta fata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan gida ya kwanta da amai da gudawa, sai a ce tsaka ce ta faɗa miya, a tsaya jiƙe-jiƙe, alhali ko maganin da aka fesa ne, ko kwalara ce ta damina. Dukansu biyu suna kisa cikin awoyi.

Ku lura da alamun gubar fiya-fiya: miyau na dalala, gumi na karyowa, hawaye na zuba, baƙin ido ya ƙanƙance kamar kan allura, ƙirji na kurari, numfashi na sarƙewa, wani lokaci har da jijjiga. In kun ga haka, ku fitar da mutum iska, ku tuɓe masa kayan da maganin ya taɓa, ku wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin na iya komawa huhu. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti mafi kusa, ko a wuce babban asibitin Gaya kai tsaye. Akwai allurar da ke karya wannan guba idan an isa da wuri. In kuwa gudawa ce kamar ruwan shinkafa, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a ci gaba da bayarwa a kan hanya.

Dagatai, masu unguwanni da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ku taimaka a sanar da wannan a masallatai ranar Juma'a da wuraren suna da biki. Ku kuma iyaye mata, a daren nan kafin a kwanta, a duba bayan randa da ƙarƙashin gado. Duk kwalbar fiya-fiya da aka samu a fitar da ita daga ɗaki, a kai inda hannun yaro ba zai kai ba.