Gidan Sistoci na Gusau

Mutanen Fakku, Kebbe da Tambuwal, yau shirin namu zai bi hanyar Gummi da Anka ya sauka Gusau, garin da har zuwa 1996 jiha ɗaya muke da shi. Akwai wani gida a can na mata Kiristoci 'yan ɗariƙar Katolika, waɗanda aka fi sani da sistoci, kuma tarihinsa ya haura shekara sittin.

Jirgin ƙasa ne ya share fagen. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 1929, sai garin ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da masu awon gyaɗa da auduga, da yawansu Kiristoci daga kudu. Saboda su ne limaman Katolika na ƙungiyar Dominik, 'yan Amurka, suka kafa zango a Gusau, bayan da aka danƙa musu yankin Sakkwato a 1953, Fada Edward Lawton yana jagora.

To amma akwai inda Fada ba ya iya shiga. A ƙasar da ake kulle, baƙon namiji iyakarsa zaure. Mace tana kan gwiwa a cikin ɗaka, wa zai kai gare ta? Shi ya sa a 1956 sistoci suka taso daga Great Bend, wani ƙaramin gari a jihar Kansas, suka zo Gusau. Aikin jinya da ungozomanci da koyarwa suka sa gaba, daga baya suka kai Yelwa ta ƙasar Yawuri da kuma Malumfashi. Matan da suka je awon ciki wurinsu, akasarinsu Musulmi ne, abin da ya kai su kuwa neman sauka lafiya.

Yaya zaman irin wannan gida yake? Mace ba ta zama sista dare ɗaya. Sai ta yi shekaru ana horar da ita, sannan ta ɗauki alkawarin ba za ta yi aure ba, ba za ta mallaki dukiyar kanta ba, kuma za ta yi biyayya ga shugabar gida. Albashinta ma asusun gida yake shiga. Tufafinsu farare ne, da lulluɓi a ka, da carbi. Da asuba a taru a ɗakin addu'a, a karya, kowa ta kama gabanta, mai asibiti ta tafi asibiti, mai aji ta tafi aji. Sau ɗaya a shekara kuma sukan ajiye aiki su shiga halwa ta 'yan kwanaki, a rage magana, sai addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da bincikar zuciya. Wanda ya taɓa yin i'itikafi a goman ƙarshe na azumi zai gane abin da ake nema a wurin, duk da bambancin addini.

Shekarar 1966 ta zo musu da nauyi. Rikicin wannan shekara ya kori Inyamurai daga Arewa, coci ta wayi gari kusan wayam, Fada Lawton kuma, wanda a lokacin ya riga ya zama Bishop, ya rasu a watan Disamba. Wanda ya gaje shi a 1967, Bishop Michael Dempsey, ya tarar da aikin da sai an sake masa tushe.

A ganinmu, abin da ya raya gidan shi ne baƙin ba su riƙe shi gam ba. A 1973 aka kafa ƙungiyar sistoci ta 'yan ƙasa, mai ɗauke da sunan Katarina ta Siena, wata mata 'yar Italiya da ta rasu a 1380. Sannu a hankali ragama ta koma hannun 'yan Najeriya. Uwar ƙungiyar ta Kansas kuwa, a 2009 ta haɗe da wasu takwarorinta suka zama ɗaya, yayin da ta Gusau ke ci gaba da karɓar 'yan mata masu son shiga.

Masu sauraro, in akwai dattijuwa a gidanku da ta taɓa haihuwa ko karɓar magani a hannun sistocin Gusau, Yelwa ko Malumfashi, a tambaye ta, a aiko mana da labarinta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.